Tukunyar Domina da Matuƙi Bebe

Duk wanda ya sauka daga jirgin fito a tsibirinmu da hantsi zai ga wata tsohuwa cikin baƙaƙen kaya zaune a dakalin da ke kallon tasha, hannunta na dama a dunƙule bisa cinya kamar tana riƙe da wani abu. Shora Domina ke nan; a wurinmu Shora ake ce wa dattijuwa, dattijo kuma Barba. Ka gaishe ta, za ta amsa. Amma kada ka kuskura ka tambaye ta yaya teku, don ba za ka ji da daɗi ba.

Ubanta, marigayi Barba Yerko, bai haifi namiji ba. Abin da ya bari a duniya biyu ne: Domina, da jirgin katako da ya sassaƙa da hannunsa. Tun ba ta kai ta ga bayan inji daga zaune ba ya ɗora ta a kan ƙaramin injin nan na baya, ya damƙa mata sandar tuƙi ta itacen zaitun, ya ce ta riƙe.

Aikinmu na kama zubatas, wannan babban kifi mai haƙora, aikin mutum biyu ne tun fil'azal. Babban inji shi ke kai ka wurin, sai a kashe shi a tayar da ƙaramin, jirgi ya riƙa tafiya a hankali kamar mai takawa da ƙafa. Ɗaya yana riƙe da igiyar fatsa mai nauyin dalma, da ɗan kifi mai rai a bakin ƙugiya, yana sauraron igiyar da yatsa. Ɗayan yana tuƙi, yana bin gefen dutsen da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ka ɗan hau kan dutsen, dalma ta maƙale, igiya ta tafi. Ka ɗan kauce masa, ka yini kana jan ruwa a banza. Domina ta yi wa ubanta wannan tuƙi, da ya rasu ta ci gaba da yi wa mijinta Kuzma, har kafaɗarta ta dama ta karkace ta zauna a haka.

Shi Kuzma, da rigar jikinsa da babban baki ya shigo gidan. Amma a faɗi gaskiya, yatsansa yana jin kifi fiye da na kowa a tsibirin nan. Da Barba Yerko ya rasu, Domina ta ce ba ta da lokacin zaman jiran ma'aikata a ofis, shi ya sa takardun jirgi suka koma da sunan Kuzma. A lokacin ba wanda ya ga wani abu a ciki.

Ita ma kuwa Domina ba ta da sauƙi, kada in yi muku ƙarya. Bakinta ba ya hutawa. Idan iska ta juyo daga teku, daga gonakin zaitun kana jin su.

“Jaki! Saki igiyar nan, kana so ka shaƙe kifin ne?”

“Ke dai tuƙa, tsohuwa, ki bar ni da aikina!”

“Da na bar ka da aikinka, da yanzu duwatsu muke ci a gida.”

Haka suka yi shekara wajen arba'in, kuma babu ranar da suka dawo hannu wofi sai in teku ce ta hana fita. Mu dai mun ɗauka haka suke son abinsu.

Wata safiya a farkon lokacin kaka, Domina ta sauko da kwandon abinci, sai ta tarar da wani mutum durƙushe a bayan jirgi yana huda katako. Meshtar Lobre ne, wato gwani Lobre, makanikin da ke zuwa daga birnin Shibenik ta jirgin fito. Kuzma kuwa ya sulale gidan kofi, don ya san abin da zai biyo baya.

“Kai Meshtar, wa ya ce ka huda jirgin ubana?”

“Barba Kuzma ne, Shora. Bai gaya miki ba? Na'urar tuƙi ce. Wannan hannun zai kama ƙaramin inji, wannan madannin kuma Barba zai rataya a wuya. Ya saita jirgi inda yake so, ya danna, shi ke nan, jirgi ya miƙe da kansa. Kin ga kin huta.”

“Na ce maka na gaji?”

Bawan Allah ya ci gaba da aikinsa. Ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujerar baya, ya yi ta fito da tarkace: guduma, guntun sarƙa, tsofaffin ƙusoshi. Ya ɗaure wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana a jikin bangon akwatin.

“Wannan kamfas ɗinsa ne, da shi yake gane gabas da yamma,” in ji shi, yana goge hannu. “Ki taimaka ki gaya wa Barba, kada a ajiye ƙarfe a nan ciki. Ƙarfe yana ruɗa shi, sai ya bar hanya ya bi ƙarfen.”

Domina ta ɗauki kwandonta ta koma gida. Saƙon Meshtar kuwa ba ta taɓa isar wa Kuzma ba.

Da a nan abin ya tsaya, na rantse da ta haƙura, don kafaɗar tana damunta ƙwarai. Bakin Kuzma ne ya ɓata komai. Ranar Lahadi bayan an fito coci, maza suna zaune a ƙofar gidan kofi suna karta, mata suna wucewa, sai Bartul, abokin kartarsa, ya ɗaga murya.

“Kuzma, ina ka baro matuƙinka kwana biyu?”

Kuzma ya ga matarsa sarai. Ya jefa kati a tebur ya ce, “Na yi sabon matuƙi, Bartul. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya ce mini jaki. Bebe ne! Shekara arba'in ina roƙon Allah ya ba ni irinsa.”

Aka fashe da dariya. Maimakon ya tsaya, daɗin dariyar ya kwashe shi.

“Ashe aikin da ake ta yi mini gori a kansa, ɗan akwati ma yana yi.”

Domina ta tsaya cak a tsakiyar hanya, da littafin addu'arta a hannu. Kowa ya gyara zama yana jiran ruwan zagi. Ba ta ce uffan ba. Ta dube shi, ta dubi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya, ta wuce. Matan da suka san ta tun ƙuruciya, a nan hankalinsu ya tashi.

Daga ranar aka sa wa na'urar suna Bebe. Daga ranar kuma Domina ta ƙudura abu ɗaya a ranta: sai Kuzma ya tsaya a wannan wuri, a gaban waɗannan mutane, ya roƙe ta da bakinsa ta dawo ta riƙe sandar ubanta. Ba a ɗaki ba, ba a raɗa ba.

Abin takaicin shi ne Bebe ya iya aiki. Kwanakin farko Kuzma ya riƙa dawowa da zubatas manya, ya dire su a teburin kicin yana fito da baki. Ita ce mai ɓare ɓawonsu, ita ce mai fid da hanji. Tana yi zuciyarta na tafasa, har wuƙa ta yanke ta ba ta ji ba.

Sai ta tuna da tukunyar uwarta. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai nauyin gaske, mai murfi, irin wadda masunta suke tafiya da ita teku a da, kafin kowa ya koma burodi da kifin gishiri a ƙunshi. A zamanin Barba Yerko wurin zamanta ɗaya ne a jirgi: cikin akwatin ƙarƙashin kujerar baya, don nan ne kaɗai ba ta kifewa. Domina ta sauko da ita daga kan rufi, ta kankare tsatsa, ta jiƙa wake.

Da asuba ta dafa wake da taliya da ƙashin nama mai hayaƙi, ta ɗaure murfin da igiya.

“Tsoho, sanyi ya shigo,” ta ce, murya a sanyaye. “Busasshen burodi ba zai riƙe ka ba, kai kaɗai a teku.”

Kuzma ya dube ta da gefen ido. Ƙamshin ya shiga hancinsa, sai ya sassauta.

“Ashe dai kina da zuciya, tsohuwa.”

“Ina da ita mana.”

Ita da kanta ta ɗauki tukunyar har jirgi. Kafin ta ajiye, ta goge gindin akwatin da tsumma mai man zaitun, yadda duk lokacin da jirgi ya karkata tukunyar za ta ɗan zame. Ta rufe, ta yi masa fatan sa'a. Daga nan ta ɗauki tsohon madubin hangen nesa na ubanta ta hau tudu, ta zauna a gindin zaitun inda ake ganin dutsen kifi.

Kai, abin da ta gani! Kuzma ya kashe babban inji, ya tayar da ƙarami, ya saki igiya, ya danna abin wuyansa. Jirgi ya ɗan miƙe, sai igiyar ruwa ta buge shi. Tukunya ta zame hagu, Bebe ya bi ta. Ta zame dama, ya bi ta. Jirgin Barba Yerko ya dinga tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan biki. Can ta hango Kuzma ya miƙe tsaye yana fizgar igiya, dalma ta kama dutse. Domina ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta yi ta bugun ƙasa da tafin hannu.

Za ku ce ai zai gane da ya zo cin abinci. Ina! A wurinmu ba a cin abinci igiya tana cikin ruwa, tun kakanni haka ake. Sai an naɗe, an shiga lungu an jefa anga, an kashe inji, sannan a buɗe tukunya. Dawowa gida kuma da babban inji ne, da hannu ake tuƙa shi. Don haka duk lokacin da Kuzma ya fita kamun kifi, da tukunya a gefensa Bebe yake aiki.

Kuzma ya kira Meshtar Lobre. Shi kuma jirgin fito na yamma yake biyowa, lokacin tukunya tana gida a kife an wanke ta. Su fita gwaji, Bebe ya miƙe sambal.

“Barba, lafiyarsa ƙalau. Ka dai tabbata ba ka ajiye ƙarfe kusa da shi?”

Kuzma ya buɗe akwatin da fushi. “Ga shi nan wayam! Wane ƙarfe?”

Kuma ba ƙarya yake yi ba. A kan Kuzma ƙarfe shi ne guduma da sarƙa da anga. Tukunyar wake abinci ce. Wa zai kalli abincin da matarsa ta dafa masa ya ce ƙarfe ne?

Haka hunturu ya wuce. Dalma ta ƙare, ya sayo wata, ta ƙare. Kifi ya yi wuya a gidan, amma shi Kuzma sai ƙiba yake yi saboda wake. A gidan kofi an samu abin yi.

“Kuzma, Beben naka ya fara shan giya ne?”

“A'a, matuƙin ne bebe, mai jirgin kuma makaho,” in ji wani.

Kullum da yamma Domina za ta karɓi tukunya a hannunsa ta tambaya, “Yaya Bebe?”

“Lafiya ƙalau,” zai ce, yana cije haƙora.

Daɗi take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Duk igiyar da ta tsinke, sai ta ji kamar an cire mata ƙaya ɗaya.

Wata yamma ya shigo da tafin hannu a tsage, igiya ta yanke shi wurin ƙoƙarin ɓamɓaro dalma daga dutse. Ta zaunar da shi, ta wanke ciwon, tana ɗaurewa. Ya daɗe yana kallon saman kanta, inda furfura ta cika. Sai ya yi gyaran murya.

“Domina.”

Ya fi shekara goma bai kira sunanta ba. Hannunta ya tsaya.

“Ko gobe za ki zo ki ɗan riƙe mini? Ni dai na rasa gane kan abin nan.”

Allah ya sani, da ta ce to, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba. Ita ma ta ji abin ya taɓa ta. Amma dariyar ranar Lahadin nan tana nan cikin kunnenta, ba ta tafi ko'ina ba. Ta ƙulle tsumman da ƙarfi har ya yi tsaki.

“A nan kake faɗa? A kicin, daga ni sai kyanwa? Ba a nan ka yi waccan maganar ba, tsoho. Ka san inda ka yi ta.”

Kuzma ya janye hannunsa. Ya tashi ya fita.

Bayan 'yan kwanaki tana kan tudu da madubinta, sai ta ga abin da bai yi mata daɗi ba. Jirgi yana tangaɗinsa kamar kullum, Kuzma ya zauna ya saki kafaɗu. Can ta ga ya sunkuya a kujerar baya, igiya na cikin ruwa. Takaici ne ya sa shi karya al'ada, ya ce bari ya ci abincinsa ya tafi gida. Yana ɗago tukunya ya kai ta tsakiyar jirgi, sai jirgin ya miƙe. Ta ga ya tsaya, ya waiwaya yana kallon ruwan baya. Ya sake sunkuyawa ya mayar da ita akwati, jirgi ya koma tangaɗi. Ya ɗago, jirgi ya miƙe. Daga nan ya zauna ya ƙura wa tukunyar ido. Domina ta ɗauki madubinta ta sauko daga tudu da sauri.

Ta jira tashin hankali da yamma. Sai ga shi ya shigo yana fito da baki, ya miƙa mata tukunya an sharce ta tas.

“Yau waken ya fi na kullum daɗi, tsohuwa. Gobe ma a yi irinsa.”

Washegari ya bari ta kai tukunyar jirgi da hannunta, ta hau tudu, ta ga jirgi yana tangaɗi kamar da. Ranar da ta biyo baya ma haka. Sai ta gaya wa kanta ai iska ce ta yi wasa ranar, jakin bai gane komai ba. Da ta ga ya jawo jirgi gaɓa yana kankarewa yana shafa sabon fenti, fari da shuɗi irin na zamanin ubanta, zuciyarta ta yi fari. Ranar Asabar ya yi aski, ya ce mata, “Gobe bayan coci ki tsaya a ƙofar gidan kofi. Kin ce a gaban mutane kike so. To, za ki samu.”

Domina ta wanke rigar ruwanta ta shanya. Da safe ta sa 'yan kunnen uwarta, ta gyara gashi, ta tafi coci kanta a sama. Ko kalma ɗaya ta huɗubar ba ta ji ba, tana ta shirya abin da za ta ce. Ta yanke shawarar ba za ta amsa nan take ba, sai ta bar shi ya ɗan tsaya a rana.

Gari ya taru a tasha, don Kuzma ya bi ya gaya wa kowa. Jirgin yana ɗaure a gaban gidan kofi yana sheƙi. A cikinsa akwai wani mutum mai jan wando da ba ɗan tsibiri ba, irin masu yawo da baƙi lokacin zafi. Domina ta ɗauka wani sabon makaniki ne.

Kuzma ya sauka jirgi, ya fito da abu biyu. Ya taka har gabanta ya dire su a ƙasa: baƙar tukunya, da sandar tuƙi ta zaitun, wadda wurin kamunta ya sule ya yi daidai da tafin hannunta.

“Jama'a, ku shaida,” ya ce da ƙarfi. “Matata ta ciyar da ni wake duk hunturun nan, na gode mata. Na tambayi Meshtar, ya ce tun ranar farko ita ya gaya wa kada a sa ƙarfe kusa da Bebe. Tsohuwa, ga kayanki na fitar miki. Sauran na sayar.”

Ba wanda ya yi dariya. Bartul ma ya sunkuyar da kai yana juya hularsa.

“Jirgin ubana,” in ji Domina.

“Sunana ne a takarda.”

Mai jan wando ya kwance igiya, ya tayar da ƙaramin inji, ya danna abin da ke wuyansa. Ya juya baya yana kunna taba, hannunsa ko kusa da inji bai je ba. Jirgin Barba Yerko ya fita daga tasha a miƙe, bai karkata ko kaɗan ba, har ya sha kwanar tsibiri. Domina ta bi shi da ido har ya ɓace. Kuzma ma shi yake kallo, fuskarsa ta yi fari fat, don sai a lokacin ya gane cewa shi ma daga yau ba shi da teku.

Ta sunkuya ta ɗauki tukunya da sanda. Ta dube shi, kowa ya ji abin da ta ce, don ba ta ɗaga murya ba amma wurin ya yi tsit.

“Bebe ka roƙa, ko? Allah ya amsa maka.”

Wannan ce maganar ƙarshe da Domina ta yi wa Kuzma. Shekaru sun ja tun daga nan. Tana gaisawa da kowa, tana faɗa da mai sayar da burodi, tana zagin kyanwa, amma shi ko “matsa” ba ta ce masa. Tana wanke masa kaya, da ya yi rashin lafiya ita ta yi jinyarsa, duk a shiru. Kullum da rana kuma wake da taliya ne a baƙar tukunya, ta dire a gabansa. Fadan cocinmu ya yi magana, 'yan'uwa sun yi, a banza. Shi kuwa yana yini a gidan kofi, ya daina karta, yatsansa yana motsi a gefen tebur kamar mai sauraron igiya.

Lokacin zafi jirgin yakan shigo tasha cike da baƙi masu jajayen kafaɗu, an sa masa rumfa. Ranar Domina ba ta tashi daga dakali sai ya tafi.

Bartul ne ya ba ni ƙarshen labarin. Ya je gidan kai wa Kuzma magani, ya tsaya a bakin ƙofa, ba su gan shi ba. Domina ta kawo tukunya ta ajiye. Kuzma ya kama gefen rigarta da wannan hannun mai tabon igiya, idonsa cike da ƙwalla.

“Tsohuwa, don Allah,” ya ce. “Ko jaki ne ki ce mini.”

Ta zare rigarta a hankali, ta buɗe masa murfin tukunyar, ta sa masa cokali, ta fita.